Sifili, launi da haruffa masu ƙugiya suna ɓacewa idan na adana jadawali a matsayin CSV: ina mafita?

Malam Habibu

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoma, kuma muna da jadawalin Excel mai ɗauke da sunayen mambobinmu, da lambobin wayarsu, da lambobin asusunsu na banki, da adadin kuɗin da za a tura wa kowane mutum. Shafin intanet da za mu ɗora bayanan biyan kuɗin a kai ba ya karɓar komai sai fayil ɗin CSV. Da na adana jadawalin a wannan siga, na sake buɗe shi domin in duba, sai na tarar sifilin da ke gaban lambobin waya ya tafi, haka ma na wasu lambobin asusu, jan launin da muke sa wa waɗanda ba su gama biyan kuɗin taki ba ya ɓace, layukan sun matse, sannan sunaye irin su Ɗanladi da Ƙasimu sun koma suna farawa da alamar tambaya. Ina roƙon wanda ya san hanyar da ake bi tsarin ya zauna yadda yake ya taimaka mana.

Injiniya Rabi'u

Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Abubuwan da ka lissafa ba daga tushe ɗaya suka fito ba, don haka maganinsu ma ba ɗaya ba ne. Launi, da faɗin layi, da kaurin rubutu, da gidajen da aka haɗe, da fomulolin lissafi, duk waɗannan babu wata dabara da za ta sa su zauna a cikin CSV, saboda fayil ne na rubutu zalla: kowane layin kwance na jadawali yana zama layi ɗaya na rubutu, waƙafi kuma yana raba gida da gida, iyakar abin da ke ciki ke nan. Takardar da aka fi jingina da ita wajen bayyana wannan siga, wato RFC 4180 ta shekarar 2005, ba ta tanadi wurin launi ko girman harafi ba, ba ta ma tanadi hanyar da za a ce wannan gida lamba ce, wancan kuma rubutu ne ba. Inda fomula take, sakamakonta kawai ake rubutawa.

Sifili da haruffa masu ƙugiya kuwa ana iya tsare su, domin su bayanai ne, ba ado ba. Kafin mu ci gaba, ina so ka yi abu ɗaya. Kada ka buɗe fayil ɗin da Excel. Ka buɗe shi da Notepad, wato manhajar rubutu zalla ta Windows, ka duba ko sifilin yana nan.

Ɗanjuma

Ranka ya daɗe Injiniya, a shagonmu na buga takardu muna da hanyar da muke bi, kuma tana aiki. Muna sa alamar daidai a gaban lambar, sannan mu rufe ta da alamun zance, kamar a rubuta ="0803" da sauran lambobin a ciki. Idan aka rubuta haka a cikin fayil ɗin CSV, ko sau nawa aka buɗe shi da Excel sifilin yana fitowa. Ina ganin wannan ta fi sauƙi ga Malam Habibu.

Hajiya Sa'adatu

Ɗanjuma, wannan dabara tana yi wa mutumin da zai kalli fayil ɗin da idonsa a Excel amfani, amma ba zan ba da shawararta ba a aikin biyan kuɗi. Excel ne kaɗai, da 'yan manhajojin da suke kwaikwayonsa, suke ɗaukar wannan rubutu a matsayin fomula su fitar da lambar. Manhajar da ke bayan shafin biyan kuɗi za ta karanta alamar daidai da alamun zancen a matsayin wani ɓangare na lambar asusun, alhali lambar asusu ta NUBAN, wato tsarin lambar asusun bankunan Najeriya, alƙaluma 10 ce cif, babu ƙari babu ragi. Abin da zai biyo baya shi ne ta ƙi karɓar layin, ko ma ta ƙi fayil ɗin gaba ɗaya. A aikin akawu abin da muke fara tambaya shi ne wa zai karanta fayil ɗin, mutum ne ko na'ura, domin abin da ya gyara wa ɗaya yakan ɓata wa ɗayan.

Malam Habibu

Injiniya, na buɗe da Notepad kamar yadda ka ce. Sifilin yana nan a gaban dukkan lambobin waya da na asusu. Amma alamun tambayar da suka maye gurbin Ɗ da Ƙ suna nan su ma.

Injiniya Rabi'u

Madalla. Wannan ya nuna cewa ba wajen adanawa sifilin ya ɓace ba, wajen buɗewa ne. Ka riga ka mai da waɗannan layukan tsaye zuwa rubutu a jadawalinka na asali, shi ya sa Excel ya rubuta lambobin a cikin CSV yadda suke. Da ka danna fayil ɗin sau biyu domin ya buɗe, sai Excel ya ga gida cike da alƙaluma ba tare da wani bayani a kansa ba, ya yanke hukuncin cewa lamba ce ta lissafi, lambar lissafi kuwa ba ta buƙatar sifili a gabanta, sai ya cire shi a abin da yake nuna maka. Fayil ɗin da ke ajiye a kwamfutarka lafiyarsa ƙalau a wannan lokacin.

Haɗarin yana zuwa ne idan mutum ya buɗe shi haka, ya gyara suna ɗaya, ya sake adanawa. A nan ne Excel zai rubuta abin da ya nuna a kan fayil ɗin, sifilin ya tafi da gaske. Lamarin ya fi muni ga lambobin wayar da aka rubuta da 234 a gaba, domin sun zama alƙaluma 13, shi kuma Excel da zarar lamba ta kai alƙaluma 12 a gidan da ba a tsara ba, yakan taƙaita ta zuwa wani abu kamar 2.34803E+12. Idan aka adana CSV a wannan hali, wannan taƙaitaccen rubutun ne zai shiga fayil, sauran alƙaluman kuma babu hanyar dawo da su sai an koma jadawalin asali. Akwai kuma wata iyaka da ya kamata kowa ya sani: Excel ba ya riƙe fiye da alƙaluma 15 a lambar lissafi, duk abin da ya wuce haka yakan mai da shi sifili, don haka lambar katin banki mai alƙaluma 16 takan rasa alƙalaminta na ƙarshe tun a lokacin shigarwa idan ba a mai da gidan rubutu ba. NIN da BVN, masu alƙaluma 11 kowannensu, sun tsira daga taƙaitawar, amma ni duk da haka a matsayin rubutu nake ajiye su, saboda lambar shaida ba abin tarawa ko rabawa ba ce.

Idan dole ne ka duba CSV ta cikin Excel, ka buɗe sabon jadawali, ka shiga Data, ka zaɓi From Text/CSV, sannan ka hana shi gano nau'in bayanai da kansa ko ka nuna masa cewa layukan lambobin rubutu ne. A LibreOffice Calc ma, wadda wata manhajar jadawali ce irin Excel, akwatin da ke fitowa wajen buɗewa yana ba ka damar danna kan kowane layin tsaye ka ce rubutu ne.

Ɗanjuma

Na karɓi gyaran Hajiya a kan abin da ya shafi banki. Sai dai ina da tambaya ga Injiniya. Idan har Excel ne yake ɓata abin da hannunsa, ashe babu inda za a kashe wannan ɗabi'a tasa baki ɗaya, maimakon a riƙa zagayawa ta Data a kowane lokaci? Masu kawo mana aiki ba za su bi waɗannan matakai ba, danna fayil sau biyu kawai suka sani.

Injiniya Rabi'u

Akwai, amma sai a sabon zubi. A watan Oktoba na 2023 kamfanin Microsoft ya sanar da wani sashe a cikin zaɓuɓɓukan Excel, a ƙarƙashin Data, mai suna Automatic Data Conversion, inda mutum zai iya hana shi cire sifilin gaba, da yanke dogayen lambobi a kan alƙaluma 15, da mai da wasu haruffa haɗe da lambobi zuwa kwanan wata. Masu Microsoft 365 suna da shi, wanda kuwa yake aiki da Excel 2013 ko 2016, kamar yadda yake a ofisoshinmu da yawa, ba zai same shi ba. Kuma wannan saitin a kwamfutarka kaɗai yake aiki, ba ya bin fayil ɗin zuwa wurin wanda ka tura wa.

Matsalar ba mu kaɗai ta dama ba. Masu binciken ƙwayoyin halitta sun daɗe suna kuka da ita, saboda Excel yana mai da sunaye irin su SEPT1 da MARCH1 zuwa ɗaya ga Satumba da ɗaya ga Maris. Wani nazari da aka wallafa a 2016 ya gano irin wannan kuskure a kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalolin da aka duba masu ɗauke da jerin sunayen a fayilolin Excel, har a 2020 kwamitin da ke sa wa ƙwayoyin halittar ɗan'adam suna ya sauya wasu sunayen, MARCH1 ya koma MARCHF1, SEPT1 kuma ya koma SEPTIN1.

Malama Zulaihatu

Ina so in tsaya a kan haruffa masu ƙugiya, domin ni ce nake tattara sunayen ɗalibai a makarantarmu kuma wannan shi ne abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Malam Habibu, a cikin jerin sigogin da Excel yake bayarwa wajen adanawa akwai CSV guda biyu da suke kama da juna. Na farko, wanda aka rubuta CSV Comma delimited kawai, yana amfani da tsohon tsarin haruffa na Windows da aka tanada domin harsunan Yammacin Turai, kuma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a cikinsa, babu ma alamar naira. Duk harafin da bai sani ba yakan rubuta alamar tambaya a madadinsa. Na biyun shi ne CSV UTF-8, wanda aka ƙara a zamanin Excel 2016, shi ne yake riƙe haruffanmu yadda suke. Ka koma jadawalinka na asali ka sake adanawa da wannan.

Akwai bambanci tsakanin ɓarna iri biyu da nake so 'yan'uwa su lura da shi. Idan ka ga alamar tambaya a cikin Notepad, harafin ya riga ya salwanta daga fayil ɗin, kuma ba za ka iya sanin ko ƙ ce ko ɗ ce ba sai ka koma asali. Idan kuwa ka ga baƙaƙen da ba su da ma'ana, kamar Æ™ a wurin ƙ, ko É— a wurin ɗ, to bayanin yana nan lafiya, manhajar da ta buɗe shi ce ta karanta shi da tsarin da ba nasa ba. Wannan yakan faru da fayil ɗin da aka sauke daga Google Sheets aka danna shi ya buɗe a Excel. Maganinsa shi ne a shigo da shi ta Data, a zaɓi UTF-8 a wurin da ake tambayar asalin fayil, kuma kada a adana shi kafin a yi hakan.

Ɗanjuma

Malama, da girmamawa, mu abin da muke yi shi ne mu rubuta k da d da b kawai, mu huta. Takardun hukuma da yawa ma haka suke rubuta sunayen mutane, kuma ba a taɓa dawo mana da aiki saboda wannan ba.

Malama Zulaihatu

Ban yarda a mai da wannan ƙa'ida ba, Ɗanjuma. Idan shafin banki ya ce sunan da za a ɗora ya yi daidai da wanda ke kan asusun, kuma a kan asusun D aka rubuta, to babu laifi a fitar masa da kwafi mai D, domin shi ne abin da na'urarsa take jira. Amma rajistar ƙungiya ko ta makaranta ita ce uwar bayanai, daga ita ake buga takardar shaida da katin ɗalibi, kuma yaron da sunansa Ɗahiru yana da haƙƙin ganin sunansa a rubuce daidai. Cire ƙugiya daga kwafi aikin minti ɗaya ne da Find and Replace, mayar da ita bayan an cire kuwa sai an bi suna ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka a bar asali da cikakken rubutu, a rage a kwafin da za a tura idan an tilasta.

Hajiya Sa'adatu

Ina goyon bayan Malama. Ina da ƙarin gargaɗi guda a kan CSV UTF-8 ɗin: Excel yana sa wata ɓoyayyar alama a farkon fayil, ana ce mata BOM, wadda ido ba ya ganinta, amma wasu tsofaffin manhajoji sukan ɗauke ta a matsayin wani ɓangare na kanun layin farko su ce ba su gane shi ba. Idan shafin ya ƙi fayil ɗin yana kukan kanun farko, a buɗe shi da Notepad na Windows 10 ko 11, a sake adanawa da zaɓin UTF-8 wanda ba shi da BOM.

Malam Mamman Sani

Salamu alaikum daga Maraɗi. Mu a nan Nijar muna da wata damuwa da ba ku ambata ba. Kwamfutocinmu a kan saitin Faransanci suke, inda waƙafi yake raba lamba da ɓurɓushinta, wato 12,5 a wurin da ku kuke rubuta 12.5. Saboda haka Excel ɗinmu ba ya raba gidaje da waƙafi idan ya adana CSV, da waƙafi mai ruwa yake rabawa, domin yana bin abin da aka saita a sashen yanki na Windows. Idan abokin ciniki ya turo mini fayil daga Katsina, sai in ga komai ya cushe a layin tsaye ɗaya, shi ma haka yake ganin nawa. Fayil ɗin bai lalace ba, sai dai a shigo da shi ta Data a faɗa masa alamar da ke raba gidajen. Ni na fi son LibreOffice a wannan aiki, saboda wajen adanawa yana tambaya ta tsarin haruffa da alamar rabawa, har yana da zaɓin sa alamun zance a kan duk gidan da yake rubutu, da na rubuta fomula a maimakon sakamakonta. Mu kuma muna da ƴ a rubutunmu inda ku kuke sa 'y, don haka haruffan da suke ɓace mana sun fi naku yawa da ɗaya.

Injiniya Rabi'u

Godiya muke, Malam Mamman, wannan bayani ne mai amfani ga duk mai hulɗa da ƙetaren iyaka. Ya kuma tuna mini da kwanan wata da adadin kuɗi. Excel yana rubuta abin da ido yake gani ne a cikin CSV, ba abin da ke ƙarƙashin gidan ba. Idan gida yana ɗauke da 1250.756 amma an tsara shi ya nuna 1,250.76, to wannan na biyun ne zai shiga fayil, a cikin alamun zance saboda waƙafin da ke tsakiyarsa, kuma ɓurɓushin da aka ɓoye ya tafi. Malam Habibu, ka cire waƙafin dubbai da alamar naira daga layin kuɗi kafin ka adana, sai dai idan shafin ya nemi akasin haka. Kwanan wata kuwa, 03/04/2024 uku ga Afrilu ne a wurinmu, amma kwamfutar da ke kan saitin Amurka za ta karanta shi huɗu ga Maris ba tare da ta yi ƙorafi ba. Hanyar da ta fi aminci ita ce tsarin ISO 8601, shekara, wata, rana, kamar 2024-04-03. Ana samun sa da fomular TEXT da "yyyy-mm-dd", a Excel na Faransanci kuma TEXTE da "aaaa-mm-jj".

Malam Habibu

Allah ya saka muku da alheri. Na sake adanawa da CSV UTF-8, sunayen sun fito daidai a Notepad, na kuma cire waƙafin da ke cikin kuɗin. Saura batun jan launi. Shugaban ƙungiyarmu da shi yake gane masu bashin taki, kuma ba na so wannan bayani ya ɓace a duk lokacin da muka fitar da fayil.

Hajiya Sa'adatu

Malam Habibu, wannan launin ba ado ba ne a wurinku, bayani ne kuka ɓoye a cikin fenti, kuma ko a cikin Excel ɗin kansa wuri ne mai rauni, domin fomulolin tarawa na yau da kullum ba sa ganin launi, takardar da aka buga da baƙar tawada ma ba ta nuna shi sosai. Ka buɗe sabon layin tsaye mai kanun Matsayin Biya, ka rubuta "ya biya" ko "da saura" a gaban kowane suna, ko ma ka rubuta adadin da ya rage. Bayan haka ka yi amfani da Conditional Formatting ka ce duk layin da aka rubuta "da saura" ya zama ja. Shugaba zai ci gaba da ganin jansa a jadawali, kalmar kuma za ta bi CSV duk inda ya je, sannan duk wanda ya karɓi fayil ɗin zai iya mayar da launin a nasa ɓangaren da ƙa'ida guda. Haka nake ba da shawara a kan gidajen da aka haɗe domin a rubuta sunan ƙauye sau ɗaya a kan mambobi goma: a CSV gidan farko kaɗai zai ɗauki sunan, sauran su fito babu komai, don haka gara a warware su a maimaita sunan ƙauyen a kowane layi.

Ɗanjuma

To idan mutum yana son rubutu zalla amma layukan su tsaya a jere kamar yadda suke a jadawali, domin ya manna a saƙo ko ya buga, yaya zai yi?

Injiniya Rabi'u

Wannan buƙata ce daban, kuma tana da sigarta. A jerin adanawa akwai Formatted Text Space delimited, wanda yake fitar da fayil mai ƙarshen .prn. Yana cike tazarar da sarari gwargwadon faɗin kowane layin tsaye, don haka sai ka faɗaɗa layukan tukuna, in ba haka ba zai yanke rubutun da ya fi gidansa tsawo. Jerin ba zai tsaya daidai ba sai an kalle shi da haruffa masu faɗi ɗaya irin su Courier New ko Consolas, kuma layin da ya wuce haruffa 240 yakan karye, ragowarsa ta koma ƙasan fayil. Shi ma tsohon tsarin haruffa yake bi, saboda haka ƙugiya ba ta tsira a cikinsa. Wanda yake buƙatarta ya yi amfani da zaɓin tsayayyen faɗin layi na LibreOffice tare da UTF-8. Wanda kuma yake son fayil na rubutu da zai riƙe har launi da fomula, akwai XML Spreadsheet 2003 a Excel da .fods a LibreOffice, dukkansu ana iya buɗe su da Notepad a karanta, amma shafin da ya nemi CSV ba zai karɓe su ba. Idan don kallo ne kawai, PDF ya wadatar.

Malam Habibu

Tambaya ta ƙarshe, ranku ya daɗe. Jadawalin namu shafi uku ne, ɗaya ga kowace gunduma, amma na lura shafi ɗaya kawai ya fito a CSV.

Malama Zulaihatu

Haka yake, Malam, shafin da kake kai a lokacin adanawa shi kaɗai ake rubutawa, kuma Excel yakan yi gargaɗin haka. Ko dai ka adana kowane shafi da sunansa daban, ko ka tara su a shafi ɗaya ka ƙara layin tsaye na sunan gunduma. Ka lura kuma cewa bayan ka adana, tagar da ke buɗe a gabanka ta CSV ɗin ce ko da launukan suna nan a ido, don haka ka rufe ta ka koma fayil ɗinka na asali na Excel, mai ƙarshen .xlsx, kafin ka ci gaba da shigar da sababbin mambobi.